Gadar Makurɗi da Bunƙasar Kafanchan

In aka tambayi dattawan Kafanchan abin da ya raya garinsu, za su ce jirgin ƙasa. Haka ne, amma da sauran magana. A ganina babban rabo na wannan arziki yana wuyan wata gada da ke can ƙasar Tibi, wato tsohuwar gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai.

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin dogo na gabas ne don kwal ɗin Inugu da kuzar Jos. Daga Fatakwal layin ya kai Inugu a 1916, ya nausa arewa, har a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudun Jos. Sai dai Binuwai ta datse hanyar gida biyu. A Makurɗi dole jirgi ya tsaya, a ɗora taragu a jirgin fito kaɗan-kaɗan, a ƙetare da su. Layin da ake yi wa haka, iyakar ƙarfinsa abin da fito ya iya ɗauka. A 1932, zamanin Gwamna Donald Cameron, aka buɗe gadar, jirgi da mota duk suna bi ta kanta. Daga nan kwal ya riƙa hawa, kuza tana gangara teku ba katsewa, kuma duk ta Kafanchan suke ratsawa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Ibo da Yarabawa da Hausawa, suka cika garin, cittar ƙasar Jaba ma ta samu hanyar fita.

Wani zai ce ai mahaɗar ta girmi gadar da shekara biyar, kuma 'yan ƙabilar Fantswam suna zaune a wurin tun kafin Bature ya zo. Ba a musun ko ɗaya, bai kuma kamata a manta da masu ƙasa ba. Amma darajar mahaɗa tana ga yawan abin da ke bi ta cikinta, gadar kuwa ita ta buɗe masa ƙofa. Shekara guda bayan buɗe ta, a 1933, fadar Sarkin Jama'a ta baro tsohon mazauninta ta dawo Kafanchan.

Koma-bayan garin ma hujja ce. A shekarun 1970 aka gina wa motoci sabuwar gada a Makurɗi, kaya suka koma kan titi yayin da reluwe ke durƙushewa. Direban tirela da ya taso daga Inugu zuwa Jos ba abin da ke tilasta masa ya biyo ta Kafanchan, jirgi kuwa ba shi da wata hanya sai ita.