Fitowar Rana a Le Havre da Shirun Tashar Garwa

Duk wanda ya tashi a Rumde Ajiya, ya saba gangarawa bakin Binuwai da sanyin safiya a lokacin hunturu, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane zanen da Claude Monet ya yi a shekarar 1872. Ya san yadda hazo kan haɗiye tsallaken kogi, rana ta ɓullo ja wur kamar garwashi, masunci da kwalekwalensa su koma baƙin ɗigo a kan ruwa.

Abin da Monet ya zana ke nan, sai dai nasa ruwan na teku ne: tashar jiragen ruwa ta Le Havre, garin da ya girma a arewacin Faransa, yadda ya hango ta daga tagar masauki. Zanen ƙarami ne, santimita 48 a tsaye, 63 a kwance. Da aka baje shi a Paris cikin Afrilun 1874, da sunan Impression, soleil levant, wato abin da ido ya kama na fitowar rana, sai wani marubuci mai suna Louis Leroy ya yi masa ba'a a jaridar Le Charivari, yana ganin aiki ne da ba a gama ba. Daga wannan ba'a Monet da abokansa suka sami sunan da duniya ta san su da shi har yau.

Masu kallo da yawa kan yaba wa zanen don natsuwarsa, amma a ganina sun yi gaggawa. A ƙura ido bayan ƙananan jiragen da ke gaba: cikin shuɗin hazon akwai dogayen bututu na fitar da hayaƙi, da injinan ɗaga kaya, da sandunan manyan jirage. Shekara guda ke nan da Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871, ga tasharta kuwa ta farka tana aiki. Hazon nan ma rabinsa hayaƙin gawayi ne. Shirun na ɗan lokaci ne, kafin 'yan dako su cika wurin.

Shirun tashar Garwa dabam yake. A da, idan Binuwai ta cika da damina, jirage kan hauro daga Nijeriya da kayan masarufi, su koma da auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar, sannan madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, ta sauya cikar kogin. Mai zanen da ya tsaya can yau da asuba zai sami hazon, da jar ranar, da kwalekwalen masunta. Hayaƙin jirage ne ba zai samu ba.