Saratoga Ce Ta Juya Akalar Yaƙin 'Yancin Amurka

Jiya wani ɗan'uwa ya rubuta cewa George Washington shi kaɗai ya kori Ingila daga Amurka, babu hannun kowa. Malam, ka yi haƙuri, ba haka zancen yake ba. Washington ma ba ya filin dagar da ta sauya komai.

A 1777 Janar Burgoyne na Ingila ya gangaro daga Kanada da rundunarsa, da nufin bin kogin Hudson ya raba yankunan masu neman 'yanci gida biyu. Janar Howe da ya kamata ya tarbe shi daga kudu, sai ya karkata zuwa Filadelfiya. Burgoyne ya maƙale a daji kusa da Saratoga, guzuri na ƙarewa, ba gaba ba baya.

A nan Benedict Arnold, janar a ɓangaren Amurka, ya nuna shi namijin duniya ne. Sun yi cacar baki da kwamandansa, Horatio Gates, har Gates ya karɓe ragamar dakarun da ke hannunsa. Amma ranar 7 ga Oktoba da wuta ta kama, Arnold ya haye doki ya kutsa cikin sojojin Jamus da Ingila ta ɗauko haya. Harsashi ya same shi a ƙafar hagu, wadda dama aka taɓa harba a Kwibek a 1775, dokinsa kuma ya faɗo ya danne ta. Bayan kwana goma Burgoyne ya miƙa wuya da mutum kusan 6,000.

Gates ne ya kwashe yabon, abin da har yau yake ci min rai. Wannan Gates ɗin ne fa ya tsere daga fagen fama a Camden a 1780! Na sani, a wannan shekarar ta 1780 Arnold ya ci amana, ya nemi sayar wa Ingila sansanin West Point. Shi ya sa dutsen tunawa da aka kafa masa a Saratoga siffar takalmi kawai aka sassaƙa, babu sunansa.

Nasarar Saratoga ce ta sa Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurka a Fabrairun 1778. A Yorktown a 1781, jiragen ruwan Faransa ne suka toshe wa Janar Cornwallis na Ingila hanyar teku.



Don haka ɗan'uwa, don Allah ka gyara rubutunka, ka saka sunan Faransa.