Dajin Hukuma da Gawon Manomi: Tarihin Kare Ƙasa a Tambuwal da Kebbe

In ka bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani, ka ɗan duba gonakin yankin Tambuwal. Za ka ga gawo da ɗorawa da tsamiya tsaye ɗaiɗai a tsakiyar gona, alhali dajin da ba na kowa ba ya koma ƙirare da gawayi. Me ya sa wannan ya tsira, wancan ya tafi? Amsar tana cikin tarihi.

Tun zamanin Daular Usmaniyya akwai tsari. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan hukuncin ƙasa, har da hurumin da ake keɓewa don amfanin jama'a. Akwai burtali na shanu, akwai makiyaya, kuma ɗorawar gona tana da mai ita. Taɓa ta, sai gaban alƙali.

Turawa sun zo da dokar daji ta 1916, aka shata gandun daji a hannun En'e, aka sa malaman daji suna tsaro. A 1935 wani Bature masanin daji, Stebbing, ya yi kururuwar cewa Sahara na tahowa, amma kwamitin Ingila da Faransa da ya zagaya iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai tarar da hakan ba. Duk da haka dokar ta zauna, kuma ta koya wa talaka mugun darasi: itace na hukuma ne, in ka sare a ci ka tara. To wa zai raini abin da ba nasa ba?

Bayan dokar makiyaya ta 1965 da farin 1973, gwamnati ta koma rabon dashe da shingen itatuwa masu tare iska, galibi dogon yaro. A 2015 aka kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, Sakkwato na cikin jihohinta 11. An yi ƙoƙari, amma ka san yadda dashen biki ke ƙarewa: a ɗauki hoto a watan Agusta, akuya ta gama da shi kafin bazara.

Yanzu leƙa Maraɗi. Tun wajen 1983 manoman can suka daina tumɓuke kututture a gona. Sai su zaɓi toho mai ƙarfi su bar shi, su sassabe sauran. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ruwanta da ban ruwa. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya bazu har kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Tambuwal da Kebbe sun fi Maraɗi samun ruwan sama, kuma kututturen sabara da kalgo na nan a gonakinmu. Kafin ka tambayi dashe nawa aka raba bana, tambayi wa zai mallake shi baɗi.