Rukunin Savannah: Yadda Arewa Ta Rasa Tsanin Ƙwallon Kwando

Daga Funtuwa zuwa Zariya tafiya ce ta kusan awa guda a mota, kuma a Zariya ne ƙwallon kwando ya yi saiwa a Arewa. A Jami'ar Ahmadu Bello, wani koci ɗan Amurka, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koya wa yara jefa ƙwallo a kwando. Cikin waɗanda suka taso a hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Amma ba kowane yaro ke tsallaka teku ba. Ga mafi yawansu, ciki har da ɗan manomin auduga da ya zo karatu daga Funtuwa ko Malumfashi, abin da ke gaba shi ne babbar gasar kulob-kulob ta ƙasa.

An raba gasar gida biyu: rukunin Atlantic na Kudu da rukunin Savannah na Arewa. A lokacin, a Savannah akwai Kano Pillars, Kada Stars ta Kaduna, Niger Potters ta Minna, Plateau Peaks ta Jos, Gombe Bulls, da Mark Mentors ta Abuja. A da ana wasa gida da waje, sannan zakaru takwas daga rukunonin biyu su haɗu a gari ɗaya a fitar da gwani. Hikimar rabon a fili take: kulob ɗin da ke jiran kasafin gwamnatin jiha ba zai iya jigilar 'yan wasa daga Kano zuwa Fatakwal kowane mako ba.

Pillars ce ta fi cin moriyar tsarin. A ƙarƙashin koci Sani Ahmed, da Abubakar Usman a fili, ta ɗauki kofi a 2013 da 2014. Mark Mentors ta karɓe a 2015, Pillars ta dawo da abinta a 2016 da 2017. A shekarar 2016 ɗin ta zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka a Alƙahira. Wanda ya taɓa shiga rufaffen ɗakin wasa na filin Sani Abaca a Ƙofar Mata ranar da Pillars ke gida ya san ba 'yan boko kaɗai ke kallo ba.

Daga baya gasar ta durƙushe, kuma ana yawan cewa rashin kuɗi ne ya durƙusar da ita. Tarihin bai goyi bayan wannan ba. Tashar talabijin ta DStv ta ɗauki nauyin gasar tsawon shekaru, da ta janye tashar Kwesé ta shigo a 2017 da yarjejeniyar shekara biyar. Abin da ya karye shi ne shugabanci. A watan Yunin 2017 aka yi zaɓe biyu na hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, kwana ɗaya tsakani: na Kano ya ba Tijjani Umar, na Abuja ya ba Musa Kida. Daga nan sai kotu, sai wasiƙu zuwa FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kulob-kulob suka rasa wa za su bi. Mai zuba kuɗi ba ya zama inda bai san wa zai sa hannu a takarda ba. Rikicin ya kai ga gwamnatin tarayya ta janye Nijeriya daga wasannin duniya a Mayun 2022, abin da ya sa ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, ta rasa gurbinta na kofin duniya, Mali ta maye shi, kafin a soke matakin.

Akwai mai cewa ba a yi asara ba, tunda ƙungiyar maza ta ƙasa, D'Tigers, ta doke Amurka da ci 90 da 87 a Las Vegas a 2021, kuma kulob ɗin Rivers Hoopers ya shiga gasar kulob-kulob ta Afirka, BAL. Sai dai 'yan wasan da suka doke Amurka galibinsu a ƙasashen waje suka samu horo. Nasararsu ba ta buɗe wa yaron Funtuwa ƙofa ba.

An ci gaba da shirya gasar ƙasa, amma a taƙaice, a tara kulob-kulob a 'yan cibiyoyi na ɗan lokaci. Kakar wasa mai tsawo, wadda ke sa kulob ya riƙe ɗan wasa da albashi, ya kuma aika koci makarantun sakandare neman dogon yaro, ita ce ta tafi. Tun bayan 2017 kofin bai sake shiga Kano ba.