Daga Kanwar Damagaram Zuwa Dutsen Ziyolit: Tsohon Darasin Sanin Kaya Kafin Saye

Wanda ya tashi a Guna ko wani ƙauye na kudancin Zinder ya san yadda tsofaffi ke sayen kanwa ranar kasuwa. Kafin a kai ga maganar kuɗi, sai tsohuwa ta ɓalli ɗan gutsure ta ɗora a harshe, ta duba launi, ta murza a tafin hannu. In ta koma gida ta jiƙa a ƙwarya, sai ta duba yawan rairayin da ya kwanta a ƙasa. Tambaya biyu take yi ba tare da ta furta ba: nawa ne kanwa a cikin wannan dunƙule, kuma yaya ƙarfinta yake? Tambayoyin nan biyu su ne dai masana ke yi a yau a kan wani dutse da ake kira ziyolit, wanda Nijar ke da shi a ƙarƙashin ƙasarta.

A ƙarni na 19 kanwa na cikin manyan hajojin da suka ɗaga Damagaram. Ana haƙo ta a tafkuna da kwarurrukan Muniyo da Manga da gaɓar Tafkin Chadi, ayarin jakuna da takarkarai su biyo da ita ta Zinder zuwa Kano da Katsina, fataken goro kuma su wuce da ita har Gwanja. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya iso Zinder a watan Disamba na 1852, ya ratsa ta Muniyo da Gidimuni da Mirya, ya kuma bayyana tafkunan kanwar da ya gani a hanya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder ta zama mahaɗar fatauci tsakanin Borno da ƙasar Hausa da hamada.

Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan gishiri da kanwa a wannan yanki, ya nuna cewa 'yan kasuwa ba su ɗauki kanwa a matsayin abu guda ba. Akwai ungurnu mai tauri, akwai farar kanwa, akwai jar kanwa, akwai gari. Kowace da kuɗinta da aikinta: wata ta masu taba, wata ta dabbobi, wata ta girki da magani, wata ta majema. Ba banza Bahaushe ya kira ta uwar gami ba. Falken da bai iya bambanta su ba, asara yake ɗauko wa jakinsa.

Kanwa dai ba ziyolit ba ce, kada mai karatu ya haɗa su. Kanwa gishirin sodiyam ce da ke narkewa a ruwa. Ziyolit kuwa dutse ne na alminiyam da silikon da iskar oksijin, ba ya narkewa, cikinsa cike yake da 'yan ramuka kamar saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani. Amma akwai dangantaka a tsakaninsu, domin ruwa mai kanwa na cikin wuraren da ziyolit ke samuwa, musamman idan ya jiƙa tokar dutse mai aman wuta shekaru aru-aru, kamar yadda aka gani a Tafkin Magadi na Kenya. A Kanem ma, ƙasar kanwa, an gano wani sabon ma'adini na sodiyam da silikon a 1972, aka raɗa masa suna kanemit saboda wurin da aka same shi.

Sunan ziyolit ya samo asali a 1756, lokacin da Axel Cronstedt, ɗan ƙasar Suwidin, ya gasa wani dutse ya ga yana fitar da tururi kamar yana tafasa. Sai ya haɗa kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar dutse mai tafasa. A 1850 Thompson da Way a Ingila suka nuna cewa ƙasar noma na riƙe amoniyam ta saki kalsiyam a madadinsa. A 1858 Eichhorn ya nuna ziyolit na yin irin wannan musaya, kuma ana iya juya ta baya.

Ga yadda abin yake. Duk inda alminiyam ya zauna a gurbin silikon cikin ginin dutsen, sai a samu giɓin caji. Ƙwayoyin sodiyam ko fotasiyam ko kalsiyam ne ke zama cikin ramukan su cike giɓin, amma zaman baƙunta suke yi. Idan ruwa ya ratsa ɗauke da ƙwayar da dutsen ya fi so, kamar amoniyam ko dalma ko siziyam, sai ya kama ta ya saki ta farkon. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Wannan hali ne ya sa ake amfani da shi wajen tace ruwa, da riƙe taki a ƙasa mai rairayi, da rage warin ɗakin kaji. Bayan hatsarin Canobil na 1986 an yi amfani da shi wajen kama siziyam mai guba. Wanda ake haɗawa a masana'anta kuma ya shiga matatun mai tun daga shekarun 1960.

To yaya ake gane mai kyau? Mataki na farko shi ne tsabta. Ba a haƙo ziyolit zalla. Yana zuwa gauraye da yumɓu da ragowar toka. Ana niƙa shi a haska masa hasken eksire, kowane ma'adini ya nuna nasa zane, sai a san wane iri ne kuma kashi nawa ne cikin ɗari. Mataki na biyu shi ne auna ƙarfin musaya: a jiƙa garin a ruwan amoniyam har ya ƙoshi, sannan a fitar da abin da ya kama a auna. Irin da ake kira kilinoftilolit, wanda ya fi yawa a kasuwar duniya, ƙarfinsa a lissafi ya kai kusan 2.2 a ma'aunin masana na kowane giram. Idan kashi 60 ne kawai na buhun ziyolit, to bai kamata a sa ran fiye da kusan 1.3 daga gare shi ba. Sauran rairayin gindin ƙwarya ne.

Sai dai adadi kaɗai ba ya isa. A arewacin Nijar, cikin kwarin Tim Mersoi na jihar Agadas, akwai shimfiɗun dutse masu ɗimbin analsim, wanda shi ma ziyolit ne, kuma yana cikin duwatsun da ke ɗauke da yuraniyam ɗin Imuraren. A takarda ƙarfin analsim ya ninka na kilinoftilolit, ya kai kusan 4.5. Amma ramukansa ƙanana ne ƙwarai, musayar na tafiya a hankali, shi ya sa ba shi ake nema wajen tace ruwa ba. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya ji an ce Nijar na da ziyolit ya fara lissafin riba kafin gwaji, ya yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma batun lafiya. A shekarun 1970 likitoci a Turkiyya suka gano cewa mutanen ƙauyen Karain da maƙwabtansa a Kafadokiya na mutuwa da wata irin kansar fatar huhu fiye da kima. Dalili shi ne eriyonit, wani ziyolit mai siraran zaruruwa da ke cikin dutsen da suke gina gidaje da shi. Mu ma muna da namu darasin daga kanwa. A cikin waɗannan shekaru likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Kasancewar abu daga ƙasa ya fito ba ta wanke shi daga cutarwa.

Me ya sa wannan ya shafi mutumin Guna? Ƙishirwa tsohuwar abokiyar zaman Zinder ce. Birnin na zaune a kan dutse, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin mulkin mallaka zuwa Yamai a 1926. Rijiyoyin Gogo da Macaya da ke kudu da birnin sun daɗe suna shayar da shi. Gonakinmu kuma rairayi ne da ba ya riƙe taki. Ruwa da taki kuwa suna cikin ƙofofin da ake tallar ziyolit ta cikinsu a duniya. Duk ranar da aka kawo wa manomi ko ƙaramar hukuma buhun farin gari aka ce ziyolit ne, ido ba zai raba shi da niƙaƙƙen dutsen banza ba, harshe ma ba zai raba ba.

A nan ne jami'o'inmu, ta André Salifou a Zinder da ta Abdou Moumouni a Yamai, ya kamata su gāji aikin tsohuwar kasuwa. Kafin a sayi ko da buhu ɗaya a nemi amsa huɗu a rubuce: wane irin ziyolit ne, kashi nawa ne cikin ɗari, nawa ne ƙarfin musayarsa da aka auna ba wanda aka lissafa ba, kuma an tabbatar babu eriyonit ko ƙarfe mai guba a ciki? A gwada shi kuma da ruwan rijiyarmu, domin ruwa mai kanwa cike yake da sodiyam, kuma sodiyam ɗin zai yi gasar shiga ramukan da abin da ake son cirewa, ya rage amfanin dutsen.

Fataken Damagaram ba su da na'urar eksire, amma sun kai kanwa Gwanja sun komo da goro, domin sun san abin da suka ɗaura wa jaki. Kayan awo ne suka sauya, ƙa'idar tana nan: a ɗanɗana kafin a biya.