Esposito: Sunan da Aka Gada Daga Bangon Coci

Ina shekarar ƙarshe a jami'a na ci karo da sunan Esposito, kuma tun daga lokacin na daina ɗaukar sunan zuri'a a matsayin shaidar asali kawai. Sunan yana cikin waɗanda suka fi yawa a Italiya, tare da Rossi da Russo da Ferrari, kuma a birnin Naples da lardin Campania shi ne kan gaba. Amma masu wannan suna ba daga kaka ɗaya suka fito ba.

Tushensa kalmar Latin ce, expositus, wato wanda aka ajiye a waje. A gidan marayu na Annunziata da ke Naples akwai akwatin katako mai juyawa da aka saka cikin bango. Uwar da talauci ko tsoron abin kunya ya ci ƙarfinta takan zo da dare, ta sa jaririnta, ta juya akwatin, ta tafi ba wanda ya ga fuskarta. Da safe a rubuta yaron a littafi da sunan Esposito. Sauran birane ma suna da nasu: Proietti a Rum, Innocenti a Florence, Colombo a Milan. Sunan ya zama tabo, har Sarki Joachim Murat ya hana laƙaba shi ga tsintattun yara a 1811. An rufe akwatin Annunziata a 1875, amma sunan ya riga ya yaɗu, kuma ƙaurar mutanen kudancin Italiya ta kai shi Amurka da Ajantina.

Masu hisabin haruffa na Turai suna ba kowane harafi lamba. A lissafinsu Esposito yana ba da 5, 1, 7, 6, 1, 9, 2, 6, jimla 37. 3 da 7 su zama 10, 10 kuma ta koma 1, lambar da suke dangantawa da shugabanci da dogaro da kai. Na yi lissafin da hannuna, na yi murmushi, domin lambar ba ta san akwatin ba, ba ta san uwar da ta koma gida hannu wofi ba. Dubban mutane masu halaye daban-daban ne ke ɗauke da wannan 1 ɗin.

Abin da tarihi ya nuna ya fi hisabi nauyi. Raffaele Esposito, wanda ake danganta wa pizza Margherita ta 1889, ya ɗauki sunan da a da ake raɗawa da ƙyama. Al'umma ce ta ɗora wa jarirai laifin da ba su aikata ba, jikokinsu kuma suka wanke sunan da aikin hannunsu. Ni dai, in yanzu na ji an tambayi mutum ɗan gidan wa ne kafin a saurari maganarsa, Naples nake tunawa.