Ghali Umar Na'Abba

Alhaji Ghali Umar Na'Abba (1958 zuwa 2023) ɗan siyasa ne daga birnin Kano. Ya wakilci mazaɓar Kano Municipal a Majalisar Wakilai ta Tarayyar Najeriya, ya kuma riƙe kujerar kakakinta daga 1999 zuwa 2003. An haife shi ranar 27 ga Satumba, 1958, a gidan 'yan kasuwa. Ya yi Kwalejin Rumfa, sannan ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ya kammala a 1979. Siyasarsa ta fari ta gidan Malam Aminu Kano ce, wato PRP. Bayan karatu ya shiga harkar kasuwancin gidansu, har zuwa lokacin da sojoji suka buɗe fagen siyasa a 1998, ya shiga PDP.

Ba shi aka fara zaɓa kakaki ba. Salisu Buhari ne, shi ma ɗan Kano, wanda ya sauka a watan Yulin 1999 bayan an bankaɗo cewa ya yi ƙarya a kan shekarunsa da kuma takardar digirin Jami'ar Toronto. Majalisa mai mutum 360, wadda ba ta cika wata biyu da zama ba, ta wayi gari da abin kunya, sai ta ɗauko Na'Abba.

Ƙasar ta daɗe a hannun soja, kuma a mulkin soja majalisa ce ake fara rufewa, ma'aikatu da kotuna su ci gaba da aiki. Don haka a 1999 fadar shugaban ƙasa ta saba da ba da umarni, majalisa kuwa ba ta da al'adar cewa a'a. Na'Abba ya ƙi yarda majalisar ta zama 'yar amshin Shata, ko da yake jam'iyyarsa ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo. A shekarar 2000 Majalisar Wakilai da ta Dattawa suka tabbatar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta da rinjayen kashi biyu cikin uku, ba tare da sa hannun shugaban ƙasa ba. A wannan zango Majalisar Dattawa ta yi shugabanni uku, Evan Enwerem da Chuba Okadigbo da Anyim Pius Anyim, amma duk yunƙurin da aka yi na tuɓe Na'Abba bai kai gaci ba. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan yadda ya riƙe 'yan majalisarsa.

Rikicin ya kai maƙura a watan Agustan 2002, lokacin da Majalisar Wakilai ta bai wa Obasanjo mako biyu ya yi murabus ko a tsige shi. Cikin tuhume-tuhumen akwai ƙin aiwatar da kasafin kuɗi yadda aka zartar, da tura sojoji garuruwan Odi da Zaki Biam. Sai da tsofaffin shugabanni, Janar Yakubu Gowon da Alhaji Shehu Shagari, suka shiga tsakani kafin wutar ta lafa. Masu sukar Na'Abba sun ce rigimar ta cinye lokacin da ya kamata a ba wa dokoki, shi ma kuma an zarge shi a kan kuɗaɗen majalisa. Amma da wuya a musa cewa a zamaninsa ne fadar shugaban ƙasa ta fara lissafi da majalisa.

A zaɓen 2003 guguwar jam'iyyar ANPP ta mamaye Kano, Na'Abba ya rasa kujerarsa, Aminu Bello Masari na Katsina ya gaje shi a matsayin kakaki. Bai sake komawa majalisa ba. Ya sauya jam'iyya fiye da sau ɗaya, ya ci gaba da sukar gwamnatoci a fili, har da ta Muhammadu Buhari. Ya rasu a Abuja ranar 27 ga Disamba, 2023, yana da shekara 65, aka yi jana'izarsa a Kano.